Coci, aji da filin wasa: yadda ƙwallo ta gina Jami'ar Notre Dame, take kuma neman fin ƙarfinta

A daren 20 ga Janairun 2025, a birnin Atlanta, ƙungiyar ƙwallon Jami'ar Notre Dame ta sha kashi a hannun ta Jami'ar Jihar Ohio da ci 34 da 23, a wasan ƙarshe na gasar jami'o'in Amurka. Kofi bai zo gida ba, amma kuɗi ya zo. Kaiwa wannan mataki ya samar wa Notre Dame dala miliyan 20, kuma ba ta raba da kowa ba. Sauran manyan jami'o'i kowace tana cikin wani rukunin gasa, abin da ta samo sai ya bi ta asusun rukunin. Ita kuwa Notre Dame a wannan wasa ba ta da rukuni, ita kaɗai take cin gashin kanta.

Wanda ya saba da wasannin jami'o'i irin na NUGA, gasar jami'o'in Najeriya, inda ake haɗuwa a yi 'yan kwanaki ana fafatawa a watse, zai yi mamakin wannan lissafi. Zai ƙara mamaki idan ya ji cewa makarantar ta cocin Katolika ce, shugabanta fada ne, wato limamin coci, kuma ɗalibanta masu neman digirin farko ba su wuce kimanin 9,000 ba. Filin wasanta kuwa yana ɗaukar mutum sama da 77,000. Ƙwallon da ake magana a kai ba tamaula ba ce, zari-ruga ce irin ta Amurka: mutum sha ɗaya-sha ɗaya, kowa da kwalkwali, ana rungumar ƙwallo a ruga da ita ko a jefa wa na gaba, abokan hamayya suna neman kayar da mai riƙe da ita. Ta jami'o'i ranar Asabar ake yi, daga ƙarshen Agusta zuwa Janairu.

Abu uku ne ke zaune a harabar wannan makaranta, kowanne yana jan zaren zuwa gefensa: coci, aji, da filin wasa. Masu tallata jami'ar kan nuna kamar ukun nan hannu ɗaya suke. Tarihinta ya nuna ba haka abin yake ba, kuma mafi ƙarfi a cikinsu ba kullum ne wanda ake zato ba.

A watan Nuwamban 1842 wani fada ɗan Faransa mai shekara 28, Edward Sorin, na ƙungiyar limamai ta Holy Cross, ya iso arewacin jihar Indiyana da abokan tafiya bakwai, a tsakiyar sanyi. Bishop na yankin ya ba shi fili mai eka 524 kusa da garin South Bend, bisa sharaɗin ya kafa makaranta cikin shekara biyu. Ya kafa, ya sa mata sunan Maryamu mahaifiyar Yesu, jihar kuma ta ba ta takardar izini a 1844. Shekaru da yawa sunan jami'a kawai take amsawa, domin a cikinta har da 'yan firamare da 'yan sakandare da masu koyon sana'ar hannu. A Afrilun 1879 gobara ta cinye babban gininta. Aka sake ginawa cikin 'yan watanni, daga baya aka ɗora masa ƙubba mai ruwan zinare da mutum-mutumin Maryamu a samanta. Ƙubbar nan ita ce tambarin makarantar har yau.

Su wa ke zuwa karatu a can? 'Ya'yan baƙin haure: mutanen Ailan, Jamus, Polan da Italiya, iyayensu leburori a masana'antu da hanyar jirgin ƙasa. A Amurka ta wancan zamani, wadda Furotesta suka fi rinjaye a cikinta, kallon bare ake yi wa ɗan Katolika, ana cewa biyayyarsa tana wurin Fafaroma ba wurin ƙasa ba. A shekarun 1920 ƙungiyar Ku Klux Klan, wadda ƙiyayyarta ta haɗa da baƙar fata da Yahudawa da 'yan Katolika, ta yi ƙarfi ƙwarai a Indiyana. A Mayun 1924 ta kira gangami a South Bend, ɗaliban Notre Dame suka fito suka tare ta, aka yi kwanaki ana ba-ta-kashi a titi kafin shugaban makarantar ya lallashe su suka koma.

A cikin wannan yanayi ne ƙwallo ta sami ma'anar da ta wuce wasa. Makarantar ta fara bugawa a 1887, Jami'ar Michigan ta lallasa ta a wasan farko. Sunanta ya fara fitowa a 1913, lokacin da ta je ta doke makarantar horar da hafsoshin soja da ci 35 da 13, ta hanyar jefa ƙwallo gaba, dabarar da ba a saba amfani da ita sosai ba a lokacin. Ɗaya daga cikin masu cafe ƙwallon a ranar shi ne Knute Rockne, haifaffen Norway, ɗalibin kimiyyar sinadarai. Ya zama koci a 1918, kuma cikin kaka 13 ya ci wasa 105, an ci shi 12, an yi canjaras 5.

Manyan jami'o'in da ke maƙwabtaka da ita, waɗanda yau ake kira Big Ten, sun ƙi karɓarta cikin rukuninsu, na ƙarshe a 1926. Sun kafa hujja da cewa ba ta tsaurara dokar wanda ya cancanci buga wasa, kuma akwai ƙamshin gaskiya a zargin. Amma masana tarihi da yawa sun yarda ƙin jinin Katolika yana ciki dumu-dumu. Da maƙwabta suka juya baya, sai Rockne ya zuba 'yan wasansa a jirgin ƙasa. Su je New York su kara da sojoji, su tsallaka ƙasar baki ɗaya zuwa Los Angeles su kara da Jami'ar Kudancin Kalifoniya, karawar da aka fara a 1926. Duk garin da suka sauka, akwai dubban leburori 'yan Katolika waɗanda ba su taɓa taka ƙofar jami'a ba, amma suna ganin nasarar yaran nan tasu ce. Rediyo ya kai labarin gida-gida. Korar da aka yi mata ita ta mayar da ƙaramar makarantar karkara ƙungiyar ƙasa baki ɗaya, kuma kuɗin ƙofa ne ya gina ɗakunan kwana da ajujuwa da dama a waɗannan shekaru. An buɗe filin wasan a 1930. A Maris na 1931 Rockne ya mutu a haɗarin jirgin sama a Kansas, har shugaban ƙasa ya aiko da ta'aziyya.

Ko a yaƙin duniya na biyu, da samari suka tafi fagen fama ajujuwa suka yi fayau, wata abokiyar karawa ce ta cece ta. Rundunar sojan ruwa ta mayar da harabar sansanin horar da hafsoshi, tana biya. Saboda wannan halacci Notre Dame ta ci gaba da buga wasa da makarantar sojan ruwa duk shekara, karawar da aka fara tun 1927, ba a tsallake ba sai a 2020 da annobar korona ta hana. Ta wannan shirin na sojan ruwa ne kuma Frazier Thompson ya shigo, baƙar fata na farko da ya kammala karatu a can, a 1947, shekara ɗari da biyar bayan kafuwarta.

Mutumin da ya juya akalar makarantar shi ne Fada Theodore Hesburgh, wanda ya zama shugaba a 1952 yana da shekara 35, ya kuma yi shekara 35 a kujerar. Ya tarar da jami'ar da aka fi sani da kocinta, Frank Leahy mai kofi huɗu, fiye da kowane malami nata. Bai kashe ƙwallo ba, ko da yake tsofaffin ɗalibai sun zarge shi da raunana ta da gangan lokacin da ƙungiyar ta shiga shekarun faɗuwa bayan tafiyar Leahy. Abin da ya yi shi ne ya ɗora amininsa, Fada Edmund Joyce, a kan kuɗi da wasanni, shi kuma ya shiga farautar malamai da masu ba da kyauta. Asusun wakafin jami'ar ya tashi daga dala miliyan 9 zuwa 350 a zamaninsa. A 1963 ya buɗe katafaren ɗakin karatu mai hawa sama da goma, a jikin bangonsa an yi zanen Yesu ya ɗaga hannuwa biyu. Zanen yana fuskantar filin wasa, kuma ɗaga hannu haka shi ne alamar da alƙalin wasa ke yi idan an ci. 'Yan kallo ba su ɓata lokaci ba suka mayar da abin barkwanci, har yau haka ake nuna wa baƙi shi. Ginin da aka yi don a nuna cewa karatu ya sha gaban ƙwallo, ta fuskar ƙwallon duniya ta san shi.

Shekarar 1967 ita ce mahaɗar hanya. A cikinta limaman Holy Cross suka miƙa mallakar jami'ar ga hukumar da ta haɗa da waɗanda ba limamai ba. A ƙoli akwai mutum 12, shida limamai shida gama-gari, kuma dole shugaba ya kasance fada na Holy Cross. A shekarar ce kuma Hesburgh ya tara shugabannin jami'o'in Katolika a wani wuri da ake kira Land O'Lakes a jihar Wisconsin, suka fitar da sanarwa cewa jami'a ba za ta amsa sunanta ba sai tana da 'yancin kai da 'yancin bincike daga kowace hukuma, ta gwamnati ko ta coci. Masu ra'ayin riƙau har gobe suna cewa a ranar ce aka sayar da addini aka sayi suna. A 1972 aka fara ɗaukar mata.

To, yaya rayuwa take a ciki? A nan ne, a ganina, makarantar ta fi bambanta da takwarorinta, kuma a nan ne cocin yake da iko na gaske, fiye da a aji.

Akwai gidajen kwanan ɗalibai sama da 30, na maza daban na mata daban. Sabon ɗalibi ba ya zaɓen gida, ba ya zaɓen abokin ɗaki, jefa shi ake yi inda ƙuri'a ta faɗa, kuma yawanci a gidan zai zauna har ya bar harabar. Doka ta wajabta masa zango shida a ciki, wato shekara uku. Babu ƙungiyoyin 'yan'uwantakar nan na ɗalibai masu gidajen kansu da suka cika sauran jami'o'in Amurka. Gidan kwana ne ya maye gurbinsu: kowanne da laƙabinsa, da launinsa, da ƙungiyoyin wasansa, da bikinsa na shekara, da ƙaramin ɗakin ibadarsa. Kowanne kuma da mai kula da shi wanda ke kwana a ciki, fada ko sista ko gama-garin mutum, ya san kowa da sunansa, ya san wanda ya daina fitowa cin abinci. Fada Edward Malloy, wanda ya gaji Hesburgh a 1987, yana shugaban jami'a amma a gidan kwanan samari yake zaune. Idan tsofaffin ɗalibai biyu suka haɗu, kafin a tambayi abin da mutum ya karanta, gidan da ya zauna ake tambaya.

Akwai dokar ziyara. Namiji ba ya wuce ƙarfe 12 na dare a ɗakin mace, haka mace a ɗakin namiji, sai daren Juma'a da na Asabar da ake ɗagawa zuwa ƙarfe 2. Kundin ɗa'ar ɗalibai ya ce saduwa ba aure laifi ce da za a iya hukunta mutum a kai. A Amurka ta yau wannan baƙon abu ne, kuma duk 'yan shekaru sai ɗalibai sun tayar da ƙura a kan dokar ziyarar, hukuma kuma ta yi kunnen uwar shegu. Kada mai karatu ya ɗauka gidan sufaye ne, giya tana gudana a ƙarshen mako kamar a kowace jami'ar ƙasar. Amma da daren Lahadi za ka ga yara sun gangaro daga ɗakunansu da silifa da kayan barci, sun zauna a ƙasa a ɗakin ibadar gidansu ana addu'a. A wani gidan maza mai suna Dillon, bayan addu'ar daren Alhamis madara mai sanyi ake rabawa, kuma ba a rasa masu zuwa don madarar. A Juma'o'in azumin Kirista ɗakunan cin abinci biyu na makarantar ba sa ba da nama. Lokacin jarrabawa kuwa, wani ɗan kogon dutse da aka gina a 1896 a bayan babban cocin cika yake da kyandir.

Kusan kashi 80 cikin ɗari na ɗaliban 'yan Katolika ne. Sauran, har da Musulmi da ke da ƙungiyarsu da wurin salla, ba a tilasta musu zuwa coci. Abin da ba a ɗauke wa kowa shi ne kwasa-kwasan dole: ko injiniya kake karantawa sai ka yi kwas biyu na ilimin addinin Kirista da kuma falsafa, kuma akwai gicciye a bangon kusan kowane aji. A cikin malamai akwai Ebrahim Moosa, masanin tunanin Musulunci ɗan Afirka ta Kudu, da Fada Paulinus Odozor ɗan Najeriya a sashen ilimin addini. Shi kansa shugaban yanzu, Fada Robert Dowd, wanda ya hau a 2024, masanin siyasa ne da ya yi bincike a kan zaman Kirista da Musulmi a Najeriya da Senegal da Uganda.

A fagen karatu ƙarfinta ya fi yawa a digirin farko, da kasuwanci, da shari'a, da ilimin addini da falsafa, da zanen gine-gine, inda ɗalibai ke yin shekararsu ta uku a birnin Rum. Ba ta da makarantar likitanci tata. Sai a 2023 aka shigar da ita ƙungiyar manyan jami'o'in bincike ta Amurka, abin da ta daɗe tana nema. Amy Coney Barrett, mai shari'a a Kotun Ƙolin ƙasar tun 2020, a can ta yi karatun lauya ta kuma koyar. Cikin masu neman shiga goma, kusan ɗaya ake ɗauka. Kuɗin shekara, da kwana da abinci, ya haura dala 80,000.

Wannan adadi shi ne inda labarin 'ya'yan leburori ya ƙare. Jikokin baƙin hauren nan sun yi arziki, makarantarsu ta yi arziki tare da su, wakafinta yanzu ya doshi dala biliyan 20. Wani nazari da aka wallafa a 2017 ya sa ta cikin jami'o'in da 'ya'yan kashi 1 na masu kuɗin ƙasar suka fi 'ya'yan kashi 60 na ƙasa yawa a cikinsu. 'Ya'yan tsofaffin ɗalibai suna da kaso mai tsoka. Baƙar fata kaɗan ne a aji, amma su ne da yawa a filin wasa ranar Asabar. A Satumbar 2024 Dowd ya sanar cewa za a daina haɗa bashi cikin tallafin karatu, kuma za a riƙa ɗaukar ɗalibai, har da na ƙasashen waje, ba tare da duba aljihun iyayensu ba. Mataki ne babba, ko da yake ƙofar tana nan da ƙuncinta.

Rikici tsakanin coci da aji yana tashi lokaci-lokaci, kuma yawanci a kan baƙon da aka gayyata. A 2009 jami'ar ta kira Barack Obama ya yi jawabin yaye ɗalibai ta kuma ba shi digirin girmamawa. Saboda matsayinsa a kan zubar da ciki, bishop-bishop gommai suka yi tir, bishop na yankin ya ƙi zuwa, wata farfesar shari'a ta Harvard, Mary Ann Glendon, ta ƙi karɓar lambar yabon da za a ba ta a ranar. Shugaban jami'ar na lokacin, Fada John Jenkins, bai janye ba. Bayan shekara uku shi ɗin dai ya kai gwamnatin Obama kotu a kan dokar da ta tilasta sa maganin hana ɗaukar ciki cikin inshorar ma'aikata. A 2017 da Mike Pence, mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, ya zo jawabi, wasu ɗalibai suka tashi suka fice. Kowane ɓangare yana ganin makarantar ta karkata ga ɗayan. Amma irin wannan rigima ta mako biyu ce, a yi a wuce. Wadda ba ta wucewa ita ce ta kuɗin ƙwallo.

Daga 1925 har zuwa ƙarshen kakar 1969 Notre Dame ba ta zuwa wasannin bayan kaka, tana cewa suna cin lokacin karatu. A tuna da wannan, domin a kakar 2024 ta buga wasa 16, daga ƙarshen Agusta har cikin zango na biyu. Abin da ya shiga tsakani talabijin ne. A 1984 Kotun Ƙoli ta karɓe ikon sayar da wasanni daga hannun NCAA, hukumar wasannin jami'o'i. Manyan makarantu suka haɗu suna sayarwa tare, sai a 1990 Notre Dame ta zame jiki ta ƙulla tata yarjejeniyar ita kaɗai da tashar NBC. Sauran suka kira ta maciya amana. Tun 1991 NBC ke nuna wasanninta na gida, an kuma sabunta har zuwa 2029. Jami'ar na cewa wani kaso na kuɗin yana tafiya tallafin ɗaliban da ba 'yan wasa ba, kuma gaskiya ne. A 1999 Big Ten, wadda ta ƙi ta a da, ta buɗe mata ƙofa, ita kuma ta ce ta gode. Daraktan wasanninta na yanzu, Pete Bevacqua, daga kujerar shugaban sashen wasanni na NBC ya zo.

Ga ɗan misalin yadda kasuwar take. Babbar makaranta takan biya ƙarama ta zo gidanta a buga, don ta cika fili ta kuma sami nasara mai sauƙi. A Satumbar 2024 Notre Dame ta biya Jami'ar Arewacin Illinois dala miliyan 1.4 don haka. Baƙin suka karɓi kuɗi, suka kuma ci wasan 16 da 14.

Ƙwallo ce ke ɗaukar nauyin yawancin sauran ƙungiyoyin wasa 25 na makarantar, waɗanda akasarinsu tun 2013 suke cikin rukunin ACC. Cikinsu akwai masu abin faɗa. Ƙungiyar kwando ta mata ta ci kofin ƙasa a 2001 da 2018 a hannun koci Muffet McGraw, kuma a na biyun Arike Ogunbowale, wadda mahaifinta ɗan Najeriya ne, ita ta jefa ƙwallon nasara a daƙiƙun ƙarshe sau biyu a jere, a wasan kusa da na ƙarshe da na ƙarshe. Akwai kuma wasannin da ba na kuɗi ba, kamar damben ɗalibai maza da tun 1931 ake tara kuɗinsa ana aika wa ayyukan Holy Cross a yankin da yau yake Bangaladesh, da na mata da ke tallafa wa makarantu a Uganda.

Abin da Notre Dame ke tinƙaho da shi shi ne ɗan wasanta ɗalibi ne kamar kowa. Babu gidan kwana na 'yan wasa daban, sabon ɗan ƙwallo ana jefa shi ɗaki ɗaya da wanda ya zo karanta lissafi. Yana shiga aji na gaske, kuma alƙaluman NCAA kullum suna sa makarantar a sahun gaba wajen yaye 'yan wasanta. Wannan ba ƙarya ba ne. Sai dai duk lokacin da aka zo zaɓi tsakanin wannan tinƙaho da nasara, an ga wanda ya yi rinjaye. A 2004 aka kori koci Tyrone Willingham bayan kaka uku kacal. Daraktan wasanni na lokacin da bakinsa ya ce daga Lahadi zuwa Juma'a babu abin zargi a aikinsa, ranar Asabar ce matsalar. Malloy, yana shugaba, ya fito fili ya ce abin ya ba shi kunya, amma korar ta tabbata. Hali ne irin na gidan da ɗa ke ciyar da kowa: uba na iya faɗa, amma ba ya iya hanawa. Daga baya NCAA ta soke nasarori 21 na kakar 2012 da 2013 saboda wata ɗaliba mai taimaka wa ƙungiyar ta yi wa wasu 'yan wasa aikin makaranta. Jami'ar ce ta bankaɗo abin da kanta, ta ɗaukaka ƙara, ta faɗi a 2018. A 2024 kuma ta dakatar da ƙungiyar ninƙayar maza shekara guda saboda caca. Dakatar da masu ninƙaya ba ya taɓa asusu.

Kofin ƙasa na ƙarshe da ta ci, na 11, a 1988 ne a hannun Lou Holtz. Magoya baya sun daɗe suna gunaguni cewa tsaurin ɗaukar ɗalibai da sanyin Indiyana ne ke korar zaratan yara zuwa kudu. Koci Brian Kelly, bayan kaka 12, ya tattara ya koma Jami'ar Jihar Louisiana a ƙarshen 2021 kan kwantiragin dala miliyan 95. Marcus Freeman da ya gaje shi ya dawo da al'adar zuwa babban coci kafin wasan gida, ya karɓi ɗarikar Katolika a 2022, ya kuma zama koci baƙar fata na farko da ya kai wasan ƙarshe na wannan gasa.

Duk tsarin nan, tun daga Rockne, a kan ginshiƙi ɗaya ya tsaya: ba a biyan ɗan wasa. Ladansa karatu kyauta, da ɗaki, da abinci. Koci ya kwashi miliyoyi, tasha ta kwasa, makaranta ta kwasa, shi kuwa wanda ake buga wa kai a fili an ce masa ɗalibi ne. Doka ta ce kada horo ya wuce awa 20 a mako, amma binciken ita kanta NCAA ya nuna 'yan ƙwallo kan kashe ninkin haka. A 2015 Jenkins ya gaya wa wata jarida cewa idan aka mayar da 'yan wasa ma'aikata masu albashi, Notre Dame za ta fice ta nemi wani tsarin. Ginshiƙin ya fara tsagewa a Yunin 2021 da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a kan NCAA baki ɗaya ba tare da ko alƙali ɗaya ya saɓa ba. Daga 1 ga Yulin shekarar aka bar ɗan wasa ya karɓi kuɗin talla da sunansa da hotonsa. Aka kuma sassauta dokar sauya makaranta, har ta kai Notre Dame ta ɗauko jagoran wasanta na 2023 daga Jami'ar Wake Forest, na 2024 daga Jami'ar Duke, kowannensu kaka ɗaya ya yi. Wanda ya zo don kaka ɗaya, yaushe zai san gidan kwana da addu'ar daren Lahadi? A Yunin 2025 wata alƙaliyar tarayya ta amince da sulhun da ya sa za a biya tsofaffin 'yan wasa kusan dala biliyan 2.8, aka kuma ba kowace makaranta damar raba wa 'yan wasanta kimanin dala miliyan 20.5 a shekara kai tsaye daga asusunta. Notre Dame ba ta fice ba. Ta shiga.

Ni ban ga laifin biyan yaran ba, guminsu ne, kuma an daɗe ana ci da shi. Abin da ya canza shi ne hujjar makarantar. Da tana cewa ƙwallo wani ɓangare ne na tarbiyya. Yanzu a bene ɗaya akwai yaron da ke aiki a ɗakin cin abinci don ya sami na kashewa, da maƙwabcinsa ɗan shekara 19 da zai iya fin malaminsu samu. Abin da ya rage mata na bambanci shi ne su biyun har yanzu ƙofa ɗaya suke shiga, mai kula ɗaya ke kansu, jarrabawa ɗaya suke rubutawa.

Zaman kanta ma ba tabbas gare shi ba. Rukunonin sun kumbura: Jami'ar Kudancin Kalifoniya, tsohuwar abokiyar karawarta, ta shiga Big Ten a 2024, rukunin da ya sayar da wasanninsa kan kimanin dala biliyan 7 na shekara bakwai. Tsohon daraktan wasanni Jack Swarbrick ya sha faɗin abin da zaman kai ya dogara a kansa: tashar da za ta biya kuɗi mai kauri, hanyar shiga gasar ƙarshe ba tare da rukuni ba, da wurin da sauran wasannin za su fake. Ukun duk suna hannun wasu. Yarjejeniyarta da ACC ta ɗaure ta cewa idan za ta kai ƙwallonta wani rukuni kafin 2036, to ACC ɗin ce. Ta NBC kuma za ta ƙare a 2029.